Gaisuwar Suruki a Kan Keke

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke cikin kaina. Ita ce ranar da na je in nuna wa mutumin da nake neman auren 'yarsa cewa ni mai ladabi ne. Kuma wallahi na nuna masa, sai dai ba ta hanyar da na shirya ba.

A shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. Ni kuwa ina ɗan malamin firamare a Jibiya, Bazazzage, ko shekara biyu ban cika ba da zuwa garin. Wanda bai ga wannan zamani ba, ba zai gane irin haukar da muka yi ba. Masinja ya sayi rediyo mai kaset. Hedimasta ya sayi babur. Wani abokin aikinmu ya sayi firji alhali gidan da yake haya ko wayar lantarki babu (a ciki yake ajiye littattafansa, wai gara ba ta shiga). Ni da nake ganin na fi su hankali, sai na sayi keke.

Baƙi ne, sabo fil. Takardar da kamfani ya naɗe ƙarfensa da ita ban cire ba, don haka ake yi a lokacin. In ka cire, wa zai san sabo ne? Na ƙara masa madubi biyu, da ƙararrawa mai zaƙin murya, da furen roba a goshi. Kullum bayan la'asar sai in hau kwalta daga cikin gari har shingen kwastan na bakin iyaka, in kewaya a gaban ma'aikatan, in ɗaga musu hannu, in dawo. Kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangare. A kanta na yanke wa kaina hukuncin cewa na ƙware.

Masu keken gaskiya kuwa ina ganinsu kowace ranar kasuwa. Mutanen Riko da Farfaru da na tsallaken iyaka, suna ɓullowa ta 'yan siraran hanyoyin daji da buhu biyu a bayan tsofaffin kekuna waɗanda fenti ya daɗe da barinsu. Ko ƙararrawa ba su da ita, da baki suke cewa a ba su hanya. Tausayinsu nake ji, Allah ya yafe mini.

A kasuwar nan na haɗu da Rabi. Man gyaɗa da ƙuliƙuli take kawowa daga ƙauyensu, wanda ke arewa da Jibiya, daf da iyaka. (Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yanzu akwai masu rai a cikin waɗanda suka ga abin.) Bazawara ce, mai natsuwa, mai kaifin baki in ta ga dama. Sai da na yi wata uku ina sayen ƙuliƙulin da ba na ci kafin in iya faɗa mata abin da ke raina. Ta amince, amma ta ce akwai magana. Aurenta na fari da wani ɗan kamasho ne a tasha, wanda ya wulaƙanta ta ya kuma yi wa ubanta rashin kunya a gaban jama'a. Tun daga nan uban, Malam Barmo, ya rantse ba zai sake ba da ita ga wanda bai auna da idonsa ba. 'Yan boko kuwa, a wajensa, su da 'yan tasha duk tafiyarsu ɗaya.

Na riga na aika wa Kawu Isiyaku wasiƙa Zariya, ya ce zai zo neman auren nan da mako guda. Saboda haka Rabi ta ce in zo ranar Asabar in gaida tsohon, ya gan ni tukuna. Ta kuma tsara mini komai dalla-dalla.

"Malam, ka saurara da kyau," in ji ta. "In ka hito daji za ka iske tudun marmara, da wata kuka a samanshi. Garinmu na ƙasa. Nan gindin kukar za ka sabka, ka turo keken da hannu. Baba na zama ƙarƙashin tsamiya da dattawa bayan azahar. Tun da nisa ka tuɓe takalma, ka durƙusa. Kada ka yi mashi Turanci. Wanda ya gaishe shi bisa abin hawa, ya gama da shi ke nan."

Na ce mata, "Haba Rabi, ni da nake koya wa yara tarbiyya?" Ta dube ni wani iri, sannan ta ciro kwalbar man gyaɗa daga cikin kayanta ta ba ni kyauta, ta ce in riƙa sa wa abinci, na cika rama.

Ranar Juma'a na kai keken wajen Tanko mai faci, wanda ke da rumfa a bakin tasha, na ce ya ƙara mini iska. Da ya ji inda za ni, sai ya ajiye famfo.

"Malam, ragewa za a yi, ba ƙari ba. Hanyar ga yashi ce. Taya mai tauri nutsewa takai. Kuma takardar ga ka cire ta, ƙaya za ta yayyage ta."

Na ce, "Tanko, ni fa na karanta kimiyya. Taya mai iska ta fi gudu." Ya ce to. Ya buga mini iska har tayar ta yi tauri kamar dutse, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Yadda ya ja addu'ar ya kamata in tsargu, amma ban tsargu ba.

To, ga inda na yi abin da ko Tanko bai hango ba. Da safiyar Asabar na fito da keken tsakar gida na wanke, sai na ga bai yi ƙyallin da nake so ba. Idona ya faɗa kan kwalbar Rabi. Na ɗiga kaɗan a tsumma na goga wa ƙararrawa, sai ga ta tana walƙiya. Na goga wa kan keken, shi ma haka. Daga nan shaiɗan ya karɓi tsumman. Na bi feda, na bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya, na bi farin ƙarfen da ke zagaye da taya, gaba da baya, ciki da waje. Da na zo kan 'yan robobin birki, waɗanda ke kama wannan ƙarfen in an matsa, sai na ga sun bushe sun yi furu-furu. Na tausaya musu. Na ba su nasu kason har sai da suka ƙoshi.

(Na san abin da kake cewa a ranka. Ni ma shi nake ce wa kaina shekara da shekaru. Amma ka tuna, mutumin da ke cikin soyayya ga kuma sabon keke, ba a rasa shi da irin wannan.)

Na sa farin kaftani na shadda, da hula zanna, da safa, da sababbin takalma sau-ciki masu tudun dunduniya, irin na yayin lokacin. Sun ɗan yi mini yawa, amma su kaɗai suka rage a kantin. Na kama hanya da hantsi.

Ina sauka daga kwalta na gane cewa keke iri biyu ne. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, ta ratsa tsakanin gonakin gero da ya yi kai ya fi ni tsawo, ganyen na marina a fuska. Inda ƙasa ke da ƙarfi, tayar nan mai tauri sai ta riƙa tsalle a kan saiwoyi har haƙorana na haɗuwa. Inda yashi yake kuwa, sai ta nutse ta tsaya cik, in sauka in tura ina haki. Bayan gonaki aka shiga daji sosai, sabara da kalgo da geza, ga aduwa ta miƙo ƙayarta kan hanya. Kafin in yi rabin tafiya takardar kamfani ta zama tsumma, tana lilo. Yashi ya manne a duk inda na shafa mai. Ƙudaje suka yi mini rakiya. Da rana ta yi zafi sai keken ya fara ƙamshi, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, ƙosai ne? Ba ni na kwabo."

Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk tsawon tafiyar nan ban taɓa birki ko sau ɗaya ba. Yashi ne ke tsayar da ni tun kafin in nema.

Bayan azahar na iso tudun marmara. Ga kuka, kamar yadda Rabi ta faɗa. Na tsaya a gindinta na karkaɗe kaftani, na goge keken da hankici har ƙyallin ya dawo, na yayyage sauran takardar na jefar. Daga nan ana ganin komai: hanya ta gangara jawur, mai tauri, ta bi ta gefen wata babbar tsamiya inda na hango fararen riguna a zaune, ta wuce rumbuna, ta faɗa wata korama can ƙasa.

Nan ne aka ce in sauka in tura. Har na kama keken zan tura, sai wata zuciya ta ce, yanzu duk wannan ƙyalli, ba wanda zai ga yadda kake hawa? Ai sai ka gangara a hankali zuwa rabi, inda za su gan ka sosai, sannan ka matsa birki, ka wurgo ƙafa ta baya ka dira tsaf, ka tuɓe takalma. Su ga gwaninta, su ga ladabi, duka a lokaci ɗaya. Na ce wannan shawara ta yi.

Na hau. Taku goma na farko daɗi kamar me. Iska na kaɗa kaftani, fararen rigunan can sun fara juyowa. Na kai inda na ƙudurta, na matsa birkin baya.

Babu abin da ya faru.

Na matsa na gaba. Sai wani ɗan sauti mai laushi, siii, robar na sulɓi a kan mai. Na matse duka biyun da iyakar ƙarfina har yatsuna suka yi ƙara. Keken ya ƙara gudu. Tayar Tanko kuwa, a kan marmara mai tauri, ta tabbatar mini da kimiyyata: lallai ta fi gudu.

Yanzu ka sa kanka a matsayina. Tsamiya na matsowa. Na fara rarrabe fuskoki, dattawa kusan goma a kan tabarmi, a tsakiyarsu wani dogo mai farin gemu da ƙwaryar fura a gabansa, wanda ko ba a faɗa ba na san shi ne. Mai hankali zai karkata ya faɗa gonar da ke gefe, ya ji ciwo shi kaɗai. Mai hankali zai sa takalmi a kan taya ya danne, yadda 'yan ƙauyen da nake rainawa ke yi kullum. Ni abin da kawai ke yawo a kaina shi ne muryar Rabi: ka tuɓe takalma, ka durƙusa. Sauka ta gagara. To, in ce, abin da ya samu shi za a yi.

Na cire ƙafar dama daga feda na yarfa, takalmin ya tashi ya faɗa ciyawa. Na yarfa ta hagu da ƙarfi. Sannan na sunkuya na kwantar da ƙirjina a kan keken, iyakar durƙuson da mutum zai iya yi a kan sirdi, na kwarma murya:

"Salamu alaikum! Baba ina wuni! Ina gajiya! Ya iyali!"

"Ya iyali" ɗin a bayansu na faɗe ta, don na riga na wuce. Na ji wani ya yi salati. Na ji wani yana ihu, "Sa ƙahwa ga taya! Sa ƙahwa ga taya!" Wace ƙafa? Safa ce kawai ta rage mini. Kaji suka watse. Wata mata da ke ɗauke da tulu ta manne a jikin rumbu. Hulata ta tafi abinta. Ni kuwa, don rashin sanin abin yi, sai na kama buga ƙararrawa, ita kaɗai ce a jikin keken take aiki.

Na faɗa koramar da gudu, ruwa iya idon sawu ya tashi sama, na haura ɗaya gaɓar, tayar gaba ta daki wani kututture. Keken ya tsaya. Ni ban tsaya ba sai a tsakiyar gonar wake.

Ina kwance ina kallon sama, ina lissafin gaɓoɓina, sai ga wani manomi ya leƙo da fartanya a kafaɗa.

"Sannu Mushe," in ji shi (haka mutanen can ke kiran malamin makaranta). "Da rai dai? To madalla. Ka san inda kake? Nan Faransa ta. Koramar ga ita ar raba mu da ku."

Faransa ake ce wa Nijar a bakin mutane lokacin. Wato fitata ƙasar waje ta farko ke nan a duniya, a kan ciki, ba hula ba takalmi.

Da ƙasa za ta tsage in shige, da na gode mata. Na yi tunanin in miƙe in yi arewa kawai, in nemi aikin koyarwa a Maraɗi, in canja suna. Amma takalmana na wancan gefen, Rabi ma tana wancan gefen. Wilin gaba ya lanƙwashe, saboda haka na saɓa keken a kafaɗa, na sake tsallaka ruwan, na hau gangaren nan da safa. Ƙarangiya ta yi mini ado tun daga idon sawu har gwiwa. Kaftanin ya zama kala uku: ja na marmara, kore na wake, da rawaya na mai. Mata sun fito ƙofar gidaje suna kallona.

A gindin tsamiya ma kowa ya zuba mini ido. Wallahi da dariya suka yi da ta fi mini sauƙi. Na ajiye keken, na durƙusa, wannan karon a ƙasa. Sai a lokacin na ga inda takalmin hagu ya sauka. Yana cikin ƙwaryar furar Malam Barmo, dunduniya sama, ga ɗigon fura a gemunsa bai ko goge ba.

Na sake gaisuwa da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya amsa a taƙaice. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe ya zagaya keken. Ya matsa birki, ya ga yadda yake sulɓi. Ya sa yatsa ya shafo ƙarfen taya, ya kai hanci.

"Wanga man gidana ne," in ji shi. "Tuyar uwar Rabi ce, na san ƙamshinshi. An ba ka ka ci, kai kuma ka ba keke?"

Nan dattawan suka kasa riƙewa. Wani har da kwanciya a tabarma yana riƙe ciki. Shi Malam Barmo ko murmushi bai yi ba. Ya jira suka lafa, sannan ya ce, "Yaro, abu guda nike son ka hwaɗa mani. Kana bisa abin ga, ka san ba ka iya tsayawa. Mi ya sa ka tuɓe takalma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na ga ba zan iya sauka ba ne. Na ce kada in wuce ku da takalmi."

Ya koma kan tabarmarsa. Ya tsamo takalmin daga cikin fura, ya ɗauraye da ruwan butarsa, ya ajiye a gabana. Aka nemo ɗayan da hular. Ya ce, "Tashi ka tahi gida tun da sauran rana." Rabi ko inuwarta ban gani ba.

A ƙafa na koma Jibiya da keke a kafaɗa, kuma labarin ya riga ni isa. Tanko ya karɓi keken, ya wanke robobin da kananzir, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ma'aikatan shinge suka riƙa tambayata ko na dawo lafiya daga tafiya, da abin da na yo musu tsaraba. Duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya: na san na rasa Rabi, kuma da hannuna. Makon nan ban iya cin abinci ba. Ranar kasuwa ban leƙa ba don kunya. Na so in tsayar da Kawu, amma wasiƙa ba za ta kai Zariya kafin ya taso ba.

Ya iso, na faɗa masa gaskiya duka. Ya yi salati, ya ce tunda ya sha hanya, zai je ko don ya ba da haƙuri. Ya nemi dattawa biyu suka raka shi, a kan jakuna. Ni na zauna a ƙofar gida ina jiran hukunci, har la'asar sakaliya.

Da ya dawo sai da ya sha ruwa, ya yi alwala, ya yi salla, ya ja carbi, duk ina tsaye. Sannan ya ce, "An ba ka."

Na ce, "Kawu, ni?"

Ya ce, "Kai. Ga abin da tsohon ya ce, kuma ya ce in faɗa maka yadda ya faɗa. Ya ce ya ga 'yan boko iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda mutuwa ke jiransa a ƙasan tudu, shi kuwa ta tuɓe takalmi yake yi ba. Ya ce kunya dai akwai ta. Hankali ne babu. Amma ya ce kada mu damu, 'yarsa na da shi, zai ishe ku ku biyu."

Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Kuka na yi, a gaban Kawu, da girmana.

Yau shekara arba'in da ɗoriya muna tare da Rabi. Duk wata shawara da za a yanke a gidana, daga sayen akuya har aurar da 'ya'ya, sai na ce a bari in ji ta bakinta. Abokaina na tsokanata wai an mallake ni. Ba na musu da su, don ba su san cewa a kan haka aka ba ni auren tun farko ba. Abin da na koya dai shi ne, in ka duba kanka ka ga hankalin bai taka kara ya karya ba, to ka riƙe kunyarka da kyau, sannan ka auri mai shi.